Babi na Biyar: Zaman 'Yan Marina

Ɗakin yana ƙarshen baranda, bayan an wuce layin kejuna, kuma nan ne duk baƙon da ya zo yake tsayawa ya daɗe. Bangonsa na gaba gilashi ne tun daga ƙasa har sama. A ciki akwai tsohuwar kujerar kushin, da kantoci da aka kafa hawa-hawa a jikin bango, da taga mai kallon lambu, da maguna 11. Wata ta miƙe a kan kujera, wata tana lasar ƙafa, biyu sun dunƙule wuri guda kamar an cura su. Mutane sukan manna fuska a gilashin su yi ta murmushi. Ni ma haka na yi ranar da na fara zuwa, a shekarun da na zauna a Ingila, lokacin da nake ba da safiyar Laraba da ta Asabar ga aikin sa-kai a wani ƙaramin gidan mafakar dabbobi da ke bayan gari, inda ake ajiye waɗanda aka tsinta ko aka rasa mai kula da su har a sami mai riƙo. Na fito daga layin kejuna zuciyata a ƙuntace, na ga wannan ɗaki, na ce a raina ai ga magani nan: a kwashe kejunan duka, a saki magunan wuri ɗaya su sakata su wala.

Bayan kamar wata biyu aka kawo wata mage mai launin toka. Uwargijiyarta tsohuwa ce da aka kai gidan kula da tsofaffi. Shekarun magen shida ko bakwai, kuma tun tana 'yar jaririya ita kaɗai ce a gida ɗaya da mutum ɗaya. Aka yi mata allurar rigakafi, aka killace ta na kwanakin da aka saba, aka ga ba ta da wata cuta, aka shigar da ita babban ɗakin. Shigarta ke da wuya ta haye saman wani dogon kabad da ke lungu, ta naɗe ƙafafu ƙarƙashin ƙirji, ta lumshe ido. Duk ranar da na zo nan nake samun ta. Ba ta faɗa, ba ta kuka, ba ta ɓarna. A raina na sa mata suna Toka, har ina yaba ta, ina cewa ga kyanwar Lami, ba cizo ba yaƙushi. Akwai takarda a jikin ƙofa da muke cikewa kowace safiya: an ci abinci, an sha ruwa, an yi bahaya? Da hannuna na rubuta e, kuma ban yi ƙarya ba, don a suɗe nake samun kwanukan, kaskon yashi kuma a cike.

Ran kwana na 12 matar da ke shugabantar gidan ta taka kujera ta ɗauko Toka, sai na ga fuskarta ta sauya tun kafin ta sauko. Ta kama hannuna ta ɗora a gadon bayan magen. Ƙarƙashin wannan gashi mai laushi ƙashin baya ne zalla, ana ƙirga shi da yatsa kamar carbi. Ta buɗe mata kunne, cikinsa ya koma ruwan ɗorawa. Likita ya ce hanta ce. Idan mage ta yi kwanaki ba ta ci ba, musamman wadda da ma tana da jiki, sai jikin ya riƙa kwaso kitse yana tura wa hanta fiye da abin da za ta iya sarrafawa, har hantar ta kasa aiki, kuma wannan yana kisa. Ashe abincin da muke zubawa domin baki 11, baki 10 ne ke cinye shi.

Da muka mayar da hankali muka tuna yadda zaman ɗakin yake, ba mu sha wuyar gano dalili ba. Akwai wani ƙaton muzuru baƙi da fari, dandaƙaƙƙe, mai son mutane, wanda kowa ke shafawa. Ya mai da tsakiyar ɗakin wurin kwanciyarsa, daidai kan hanyar da ta taso daga kabad zuwa kwanukan abinci da kaskon yashi, waɗanda muka jera a jikin bango ɗaya domin sauƙin shara. Ko sau ɗaya ba wanda ya ga ya kai mata yaƙushi. Kallo ne kawai. Da ta motsa sai ya ɗaga kai ya zuba mata ido, ita kuma ta koma ta lumshe nata. Wataƙila cikin dare takan saci jiki ta sha ruwa ta rage ciki, ta koma da gudu. Abin da na ɗauka barci ne, masu nazarin halin mage sun daɗe da saninsa: barcin ƙarya ne da take yi idan ta rasa inda za ta sa kanta. Ido a rufe, amma kunne a tsaye, jiki a ɗaure.

Wanda ya tashi a gidan kiwo yakan ɗauka kowace dabba tana son 'yan'uwanta. Akuya in aka raba ta da garke kuka za ta yi ta yi har muryarta ta dushe. Kare kuwa jinin kyarkeci ne, mai farauta cikin ƙungiya. Asalin mage daban yake. Kakarta ita ce kyanwar daji ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, wadda har gobe tana nan a dazuzzukanmu, kuma ita kaɗai take farauta, ita kaɗai take kwana, ba ta neman namiji sai lokacin barbara. Ɓera bai kai naman da za a taru a kansa ba. Rumbun hatsi ne ya jawo ta kusa da mutum, kusan shekara 10,000 da suka wuce, lokacin da aka fara noma ana ajiye abin da aka girbe. A tsibirin Kubrus an tono wani kabari mai kimanin shekara 9,500 inda aka binne mutum da mage kusa da juna, aka bayyana wa duniya labarinsa a 2004. A lissafin halitta wannan jiya-jiya ne. Kare yana da hanyoyi barkatai na nuna wa ɗan'uwansa cewa ya bi, ya yi laushi, a ƙyale shi. Mage ba ta da irin wannan ban-haƙuri. Abin da ta iya idan ta haɗu da wadda jininsu bai haɗu ba shi ne ta ba ta wuri. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to fuskar mage rowar labari gare ta.

Amma fa mage tana zama da mage. Duk inda abinci ya wadata, a mahauta, a bakin kasuwar kifi, a juji, za ka tarar sun taru. A shekarun 1970 Jane Dards ta bi diddigin magunan tashar jiragen ruwan soja ta Portsmouth, David Macdonald na Jami'ar Oxford kuma ya bi na wata gona a yankin Devon, kuma abin da suka gani ya yi kama da juna. Ginshiƙin taron dangi ne, kuma dangin mata: uwa da 'ya'yanta mata da jikokinta. Sukan tara jarirai wuri ɗaya, wannan ta shayar da na waccan, su haɗa kai su kori baƙo. Suna goga wa juna kumatu da gefen jiki har warin jikinsu ya zama ɗaya, da shi suke gane na gida. Baƙuwa sai ta daɗe tana raɓe-raɓe a gefe kafin a karɓe ta, in ma an karɓe ta ke nan. Sannan kowace tana da hanyar fita. In zama ya yi tsami, ta tsallake katanga ta yi gaba.

Yanzu a kwatanta wannan da babban ɗakin mafaka. Manya ne da ba su san juna ba, kowace daga gidanta, kowace da abin da ya raba ta da shi, an rufe su cikin bango huɗu, yau a fitar da ɗaya gobe a shigo da biyu. Duk wanda ya taɓa zaman gidan haya mai ɗaki goma da bayi ɗaya da famfo ɗaya ya san irin wannan zama, ya kuma san dalilin da ya sa aka ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Ba sai an kai ga dambe ba. Ya isa a ce wani ya shimfiɗa tabarmarsa kullum a bakin ƙofar bayi.

Waɗanda suka ƙirƙiro irin wannan ɗakin taro mutanen kirki ne, kuma abin da suka gudo daga gare shi ya fi shi muni. Gidajen mafaka a Ingila da Amurka domin kare aka gina su. Shahararren gidan nan na Landan da Mary Tealby ta kafa a 1860, wanda ya koma unguwar Battersea a 1871, sai a 1883 ya fara karɓar maguna, kuma sai a 2002 mage ta shiga cikin sunansa. Da maguna suka yi yawa a irin waɗannan gidaje, abin da ya samu aka zuba su a ciki, wato kejin ƙarfe irin na asibitin dabbobi, faɗinsa kamar santimita 60, zurfinsa ma haka, wanda aka ƙera domin dabba ta kwana ɗaya ko biyu bayan tiyata. A cikinsa za a sa kwanon abinci, da na ruwa, da kaskon bahaya, da magen kanta. Dabbar da in an bar ta da zaɓinta ba ta cin abinci kusa da inda ta yi kashi, sai ga ta kwance da kai a gefen kasko. Ba ta iya miƙewa sosai, ba inda za ta hau, ba inda za ta ɓuya, ga haushin karnuka ta bango. Gari na wayewa kuma a ciro ta, a feshe kejin da maganin da zai goge duk warin da ta kwana tana shafawa don ta ji wurin nata ne.

A shekarun 1970, lokacin da ake kashe karnuka da maguna sama da miliyan 10 kowace shekara a gidajen mafakar Amurka, kaɗan ne suka damu da girman keji, don yawancin magunan ba sa yin mako a ciki. Da aka tashi haiƙan don rage kisan, kwana uku ya koma wata uku, kejin kuwa bai ƙaru da ko taƙi ɗaya ba. Har yau maguna kimanin miliyan 3 ke shiga irin waɗannan gidaje a ƙasar duk shekara.

Sai mura ta zama 'yar gida. Duk wanda ya yi aiki a mafaka ya san ta: atishawa, majina, idanu su kumbura su liƙe da kwantsa, mage ta daina jin ƙamshin abinci, ta daina ci. An daɗe ana ɗauka daga keji zuwa keji kawai take yawo, sai a ƙara wanki, a ƙara feshi. Tana yawon kam, amma babban ɓangaren labarin a cikin jikin magen yake. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin da ke kawo murar, dangin wadda ke fito wa mutum da ƙuraje a gefen leɓe bayan zazzaɓi, idan ta kama mage sau ɗaya takan laɓe a jijiyar fuskarta har iyakar rai, kuma maguna da yawa da ita suke shigowa. Tashin hankali ke tashe ta. Tun a 1977 Gaskell da Povey a Ingila suka nuna cewa sauya wa mage wurin zama kawai ya isa ya sa ƙwayar ta farka bayan kamar mako guda. A 2012 masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka fitar da sakamakon bin maguna 60 da suka shiga wata mafaka da lafiyarsu. Guda 35 sun kamu da mura kafin su bar wurin, mafi yawansu sun rame, kuma waɗanda suka fi firgita a makon farko sun fi sauran kamuwa fiye da ninki biyar.

To wa zai ga laifin wanda ya ce a buɗe kejin? A 1998 ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta San Faransisko ta buɗe wata cibiya inda aka sa karnuka da maguna a ɗakuna masu kujeru da darduma har da talabijin, labarin ya zaga ƙasa. Gidajen da ba su da irin wannan kuɗi suka yi abin da za su iya: a fitar da kejuna daga ɗaki, a kafa kantoci, a saki maguna. Ribar a fili take. Mage tana gudu, tana tsalle, tana shan hantsi a taga. Mai neman riƙo ya shiga ya zauna, wata ta zo ta haye cinyarsa, shi ke nan magana ta ƙare. A Vancouver ta ƙasar Kanada, Nadine Gourkow da David Fraser suka raba maguna 165 gida huɗu, suka fitar da sakamako a 2006. Cikin waɗanda aka bari a kejin da aka saba, kashi 45 cikin 100 ne suka sami masu riƙo. A sauran tsare-tsaren uku kuwa, kashi 69 zuwa 76. Masu son ɗakin taro suna yawan ambaton wannan bincike. Abin da ba kasafai suke ƙarasawa ba shi ne, biyu ne kawai cikin ukun ɗakunan taro. Na ukun keji ne na mage ɗaya, an dai ƙara masa wurin ɓuya da wurin hawa, aka kuma riƙa kula da magen cikin natsuwa, kuma shi ma ya yi abin da sauran biyun suka yi.

Kafin nan, a birnin Zurik na Suwizalan, Kessler da Dennis Turner sun fitar da wani ma'auni a 1997 wanda har yanzu ake aiki da shi. Hawa bakwai gare shi, daga magen da ta baje ta saki ciki har zuwa wadda ta ƙame don tsoro, ana duban kwanciyarta, da kunne, da ƙwayar ido, da wutsiya, da gashin baki. Da wannan ma'auni suka shiga ɗakunan taro, kuma a 1999 suka fito da abu biyu. Magen da ba ta saba da 'yan'uwanta ba tana shan wuya a taro, shigarta kuma tana ɗaga hankalin waɗanda ta tarar. Sannan taron ba ya lafawa sai kowace ta sami fili kimanin murabba'in mita 1.7. A 2003 Ottway da Hawkins suka duba gidajen mafakar Ingila, suka tarar magunan da aka haɗa da baƙi sun fi zama cikin ɗar-ɗar a kan waɗanda ke su kaɗai ko tare da wadda suka sani tun daga gida.

Murabba'in mita 1.7 daidai yake da katifa mai ƙafa 3 da 6. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12, irin wanda maginanmu suka saba fitarwa, mage 8 zai ɗauka a wannan lissafi. Ƙungiyar likitocin gidajen mafaka ta Amurka ta sa wannan adadi cikin ƙa'idojin da ta fitar a 2010, ta ce kuma taro kada ya wuce 10 zuwa 12. Da ta sabunta ƙa'idojin a 2022 sai ta sauko da shi zuwa manya 6 a ɗaki ɗaya. Namu ɗakin bai fi 12 da 12 da wani abin kirki ba, kuma 11 muka zuba.

Fili kaɗai ma bai isa ba. Da ɗakinmu ya ninka girmansa, muddin kwanuka da kasko suna jere a bango ɗaya, muzurun nan zai iya tsare su da jikinsa guda. Wannan shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe daga aikin waɗannan masana, domin yana da sauƙi kuma ba ya cin kuɗi. Kwano biyar a jere, a wurin mage kwano ɗaya ne. Sai an watsa su kusurwa-kusurwa, abinci nan, ruwa can, kasko a wurare biyu ko uku, ta yadda ba mage ɗaya da za ta iya sa ido a kan duka a lokaci guda. Wurin hawa ya fi yawan magunan, kuma kowane ya kasance da hanyar sauka biyu, don kabad ɗin Toka hanya ɗaya gare shi, shi ya sa mafakarta ta zama kurkukunta. A sa abin da zai tare ido, ko da labule ne ko katako a tsaye, domin magen da ba ta ganin abokiyar gabarta takan manta da ita. Penny Bernstein da Mickie Strack sun yi nazarin maguna 14 da ke zaune a gida ɗaya a Amurka, suka ga yadda suke raba wuraren kwanciyar da kowa ke so: wannan ta yi safiya a wurin, waccan ta yi yamma, ba tare da sun haɗu ba. Mu mutane muna so mu ga sun rungumi juna, shi ke sa mu manna fuska a gilashi. A wurin manyan maguna da ba dangi ba, zaman lafiya shi ne zaman 'yan marina, kowa da inda ya sa gabansa, kuma aikin mai tsara ɗaki shi ne ya tanadi isassun wuraren sa gaba.

Sai kwali. A 2014 Claudia Vinke da abokan aikinta na Jami'ar Utrecht a Holan suka ɗauki sababbin maguna 19 a wata mafaka, suka ba 10 akwatin ɓuya, 9 ba a ba su ba. Masu akwati sun natsu cikin kwana uku, sauran sai da suka kwashe mako biyu kafin su kamo su. Duk da haka na ga inda ake kwashe kwalaye daga ɗaki wai don kada maguna su ɓuya wa masu neman riƙo, kuma abin yana ɓata mini rai har yau. Magen da ta san tana da inda za ta shige ita ce ke fitowa ta gaida baƙo. Wadda aka hana maɓuya tana nan a fili, amma a ƙame, ba mai ɗaukar ta.

Batun cuta kuwa, ɗakin taro ba ya yafiya. In ɗaya ta kamu, duka sun shaƙa. Makero yana bin gashi da bargo ya zagaye ɗaki, har ya kama ma'aikata. Akwai wata cutar gudawa da amai mai kashe ƙananan maguna, wadda ƙwayarta ke iya shekara guda a raye a jikin bango da kwano. Akwai kuma wata mai lalata jini da garkuwar jiki da ke bin miyau, ta hanyar lasar juna da cin kwano ɗaya, shi ya sa ake gwada jini kafin a haɗa su. Allurar rigakafi tun ranar shigowa, da aikin hana haihuwa kafin a gama maza da mata, don 'yar wata huɗu ma tana iya ɗaukar ciki. Masu kiwon kajin gidan gona a Kano ko Zariya sun san dokar da ta fi kowace wuya a nan: a zuba tare, a kwashe tare, a wanke ɗaki ya huta, kada a riƙa cusa sababbi cikin tsofaffi. Ita ce kuma dokar da aka fi karyawa. Ban ga laifin matar da ke shugabantar gidanmu ba. Idan an ɗauki mage ɗaya da safe, da rana ga wani tsaye a bakin ƙofa da wata a cikin kwando yana cewa gobe zai bar gari, ina za ta kai ta? Amma kowace sabuwar shigowa tana rushe rabon wuri da lokaci da sauran suka yi makonni suna ginawa, sai su koma farko.

Maganin da ya fi burge ni rami ne kawai. Kate Hurley da Denae Wagner, likitocin dabbobi a Davis, suka riƙa bi gida-gida suna huda bangon da ke tsakanin keji biyu, su sa masa zoben roba mai ƙofa, keji biyu ya zama gida ɗaya mai ciki da falo. Bahaya a gefe guda, abinci da shimfiɗa a ɗayan. Mai shara ya rufe ƙofar ya gyara ɓangare ɗaya ba tare da ya taɓa magen ba. Binciken da suka fitar a 2018 a kan gidaje 9 na Arewacin Amurka ya nuna mura ta fi ƙaranci inda kejin ya wuce murabba'in ƙafa 8 kuma ba a yawan ciccira mage a makonta na farko. Masu gidaje da yawa sun ji tsoro da farko, don a ido an rage wuri da rabi. Amma a yi lissafi a misali. Wuri 40 da kowace mage ke kwana 40 a ciki, mage 365 zai ɗauka a shekara. Wuri 20 da kowace ke kwana 15, saboda ba ta kwanta ciwo ba kuma tana da kyan gani, ya haura 480.

Ban ce a rufe ɗakunan taro ba. Akwai waɗanda ya dace da su ƙwarai. 'Yan ciki ɗaya bai kamata a raba su ba, haka biyun da suka zo tare daga gida ɗaya suna kwana jiki da jiki. Akwai matasan maguna masu son wasa da keji ke haukata su, akwai kuma wadda za ta yi wata shida ba mai ɗauka, wadda ba imani ba ne a bar ta cikin ƙarfe tsawon wannan lokaci. Abin da na ƙi shi ne a mai da ɗakin wurin zuba duk wadda aka rasa inda za a sa, a kuma ƙirga shi a matsayin hanyar rage aiki. Ɗakin taro da aka riƙe da gaskiya ya fi layin kejuna cin lokaci. Sai an ɗora kowace a sikeli duk mako, sai wani ya tsaya ya ga kowane baki yana tauna, sai wani ya zauna shiru rabin awa yana duban wa ke kallon wa. A keji, kwanon da ba a taɓa ba shi ke kai ƙara. A taro ba mai kai ƙarar sai idon mutum.

Mu da muka tashi da hadisin matar nan da ta shiga wuta saboda mage, mun san laifinta ninki biyu ne: ta tsare ta, sannan ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi nata ba. Abin da na fahimta a ciki shi ne, wanda ya rufe ƙofa ya ɗauki nauyin duk abin da ƙofar ta hana. Sarki Baibars na Masar, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, ya bar waƙafin wani lambu domin ciyar da magunan Alƙahira, kuma a shekarun 1830 Baturen nan Edward Lane ya tarar ana ci gaba da zuba musu abinci kowace la'asar a harabar kotun babban alƙali. Suna zuwa su ci su watse, kowace ta kama gabanta. A garuruwanmu ma yawancin maguna haka suke, suna bin katanga daga gida zuwa gida, da wahalarsu da 'yancinsu. Na san akwai masu tausayi, yawanci mata, da ke tattara marasa gata su rufe a ɗaki guda don kada yara su jefe su ko mota ta take su. Allah Ya saka musu. Ina dai roƙon su ƙirga katifu nawa ɗakin zai ɗauka, su raba kwanukan, su kuma riƙa shafa bayan wadda ta fi kowa shiru.

Toka ta rayu. Likita ya sa mata siririn bututu ta gefen wuya, aka riƙa ɗura mata abinci da sirinji sau huɗu a rana har mako biyar. Ba a mayar da ita babban ɗakin ba. Aka haɗa keji biyu a ofis, aka kifa kwali a ɗaya, aka rufa tawul a rabin ƙofar. Babban ɗakin kuma aka rage shi zuwa 7, aka kai kwanuka kusurwa uku, aka jingina katako a ɗaya gefen kabad ɗin ya zama hanyar sauka ta biyu, takardar jikin ƙofa ta koma mai layi bakwai, kowane da suna da nauyi. Muzurun yana nan a tsakiyar ɗaki inda ya saba, sai dai yanzu ana wucewa ta bayansa.

Wata Laraba ina zaune a ofis ina cike takardu, na ajiye mata ɗan dafaffen naman kaza a bakin kwalin kamar yadda muke yi kullum, mu kwashe shi da rana ba a taɓa ba. Na juya mata baya, don an ce kada a kalle ta. Can sai na ji motsin kwali, sannan na ji ƙaramar ƙarar tauna. Ban waiwaya ba sai da ta gama.